Lissafin Baba na Ɗaya ga Oktoba

Ni ce na rufe wa mahaifina baki, da magana guda, a gaban mutane, kuma abin da na faɗa gaskiya ne. Shi ya sa na daɗe ban ga laifina ba. Da ƙarya na yi, da tuni na durƙusa na ba shi haƙuri tun yana raye.

A Makera muka tashi, a wani gida da ke dab da layin dogo, inda in jirgi ya wuce sai kwanukan Inna su yi ta kaɗawa a kan kanta. Baba ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, a sashen da ake buga wa atamfa zane, kuma duk wankin hannun da zai yi ba ka raba ƙasan farcensa da shuɗi. Bai yi boko ba sai ajin yaƙi da jahilci, amma rediyonsa ba ta hutawa, ga shi Allah ya ba shi kai mai riƙe abu. Ba mai yawan magana ba ne. Ni kaɗai yake ja da wasa, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Rana ɗaya tak yake sakin baki a shekara, ita ce ɗaya ga Oktoba.

A ranar babu aiki. Mu yara mu tsallaka gada da sassafe mu je maci, mu sha rana har fararen safarmu su koma ja, mu dawo da 'yar tutar takarda. Bayan azahar a shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaron ƙofar gida. Inna ta dafa sabuwar gyaɗa da masara, tunda lokacinsu ne, maƙwabta su taru. Sai Baba ya kashe rediyo, ya gyara zama, ya fara abin da unguwa ta sa wa suna lissafi. Jero duk abin da ya sami ƙasar nan a rana irin wannan yake yi, shekara bayan shekara, yana lanƙwasa yatsa.

"Sittin," in ji shi, "aka sauke tutar Bature aka ɗaga tamu. Sittin da ɗaya, mutanen kudancin Kamaru suka yi mana sallama suka koma wajen 'yan'uwansu. Sittin da uku, muka ce wa Sarauniya mun gode, muka zama jamhuriya."

Kowane yatsa da labarinsa. Na sittin ya fi tsawo, don a ciki ne yake ba da labarin yadda ya sha lemon kwalba na farko a rayuwarsa, gas ya hau masa hanci, ya ɗauka ajali ne. Wani lokaci ya ratse ya gaya mana cewa wani ɗan Caina da ke duba injinansu ya ce su ma a ranar suke bikin ƙasarsu. "Sun riga mu," in ji Baba, "amma ba mu hana su ba." Mun ji wannan ya fi sau goma, duk da haka sai mun yi dariya.

A hagun Baba kullum mutum ɗaya ke zama. Ibo ne, Kirista, makaniki mai gareji a Kakuri. Kowa Oga yake ce masa, mu kuma yara mu ce Baba Oga. Yakan zo da doya biyu da galan ɗin manja a bayan babur. Abin da ke ba mu dariya shi ne hularsa. Duk shekara ba za ka gan shi da hula ba sai ranar, kuma wata tsohuwar hular Hausa ce mai ɗinkin hannu, launinta ya gudu, bakinta ya zare, ga ta ta yi masa kaɗan. Mukan ɓuya a zaure mu toshe baki muna nuna ta.

Idan Baba ya gama da sittin da uku, sai ya tsallake 'yan shekaru. Ya lanƙwasa yatsa na huɗu ya ce, "Saba'in, aka gama yaƙi." Wannan ne kaɗai yatsan da ba shi da labari. Sai dai ya ɗan dakata, ya dubi hagunsa. Oga kuma ya gyaɗa kai ya ce, "Na so," wato "haka ne" da Turancin Buroka. Daga nan Baba ya wuce zuwa saba'in da huɗu, da soja suka ce ba za su sauka a lokacin da suka yi alkawari ba, da saba'in da tara, da suka sauka ɗin suka miƙa wa farar hula. Haka na ji shi tun ban san ma'anar yaƙi ba.

Shekarar tis'in da shida na gama kwalejin horon malamai, na sami koyarwa a wata firamare a Barnawa. Ba sai an gaya mini ba, kaina ya kumbura. Ina da jaka mai rataya, ina da jan biro, kuma na kai matsayin da in na ga allon shago da kuskure sai hannuna ya yi ƙaiƙayi. Ga kuma maganar aure ta taso. Yayan wanda zan aura babban ma'aikacin gwamnati ne, mai mota da gida a Barnawa, kuma ya zaɓi ranar hutun nan ya zo gaishe da Baba tare da abokansa biyu.

Da safiyar ranar aka sanar a rediyo cewa an ƙirƙiro sababbin jihohi shida, ciki har da Zamfara, inda garin su Baba yake. Ban taɓa ganin farin cikinsa irin na ranar ba. Ya sa farar rigarsa ta Salla, ya aika aka sayo lemo, ya yi ta cewa yau lissafi ya sami sabon yatsa. Tabarmi ba su isa ba sai da aka aro benci daga masallaci. Aka ba baƙin Barnawa kujeru. Ni kuma ina bakin zaure da faranti a hannu, ina kai gyaɗa ina dawowa, kunnena na wajen baƙin, ina fatan kada tsohon ya faɗi abin da zai sa su raina mu.

Ya yi sittin, ya yi labarin lemo, baƙin suka yi dariya. Ya yi sittin da ɗaya, ya yi sittin da uku. Sai ya ce, "Saba'in, aka gama yaƙi," ya juya hagunsa. A daidai nan na ga yayan wanda zan aura ɗin ya karkata ya raɗa wa abokinsa wani abu, su biyun suka yi murmushi. Har yau ban san me ya ce ba. Wataƙila ma maganar gyaɗa ce. Amma ni a lokacin kunya ce ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na ji kamar gidanmu gaba ɗaya ake wa dariya. Kafin Oga ya buɗe baki na riga shi.

"Baba, ba a Oktoba aka gama yaƙi ba," na ce. "A Janairu ne, ranar sha biyar ga wata. Yana nan a littafin 'yan aji shida."

Da na tsaya a Janairu, da da sauƙi. Maganar 'yan aji shidan nan ba abin da ya kawo ta sai son a san na sani.

Yatsan Baba na nan a rabin lanƙwasa. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, ba fushi a fuskarsa, sai wani abu kamar na mutumin da ke neman hanyar fita bai samu ba. Oga ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Wani dattijo maƙwabcinmu ya miƙe ya ce ya manta bai rufe shago ba, ya sa takalmi ya tafi. Can Baba ya miƙe yatsunsa duka, ya ce, "To, Malama." Ya jawo rediyo ya kunna. Ko sabuwar jihar da ya wuni yana murnarta bai lissafa ba, mutane suka ci gyaɗa suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Na sami Inna a madafa tana kankare tukunya kamar da ita take faɗa.

"Ke dai bakinki ya fi hankalinki sauri," ta ce.

"Inna, ai gaskiya na faɗa."

"An tambaye ki?"

"To a bar shi ya yi ta faɗin kuskure a gaban baƙi?"

Ta ajiye tukunyar. "Akwai abin da ba ki sani ba."

"To ki gaya mini mana."

"Ba a ba ni izini ba," ta ce, ta ci gaba da kankara.

Na ɗauka irin maganar manya ce idan an kama su. Na shige ɗaki ina huci, ina ganin ni aka yi wa rashin adalci.

Shekara ta zagayo ba a shimfiɗa tabarma ba. Oga ya zo da doyarsa da manjansa da hularsa, suka zauna a zaure su biyu, suka ci gyaɗa, ba wanda ya ji abin da suka ce, in ma sun ce wani abu. Maƙwabta suka leƙo suka koma. Wata shekarar ma haka, har yaran unguwa suka tashi ba su san an taɓa yin wani lissafi ba. Baba bai canza mini fuska ba. Ya yi mini aure na mutunci, in na zo gida ya tambayi mijina, ya ba ni tsaraba in zan tafi. Abu ɗaya ne ya canza. Daga ranar nan bai ƙara ce mini Uwata ba, sai Malama. Mutane suna jin haka su ce ai girmama ni yake yi, ni kuwa duk kiran sai na ji shi a ƙirji.

Sau ɗaya na gwada gyarawa, shi ma gwajin masu girman kai. Ɗana na fari yana shekara huɗu, ranar hutun ta same mu a Makera, na ɗora shi a cinyar Baba na ce, "Baba, a yi wa jikanka lissafi mana."

Ya shafa kan yaron ya yi murmushi. "Uwarsa ta fi ni sani."

"Haba Baba, har yanzu?"

"Har yanzu me, Malama?" ya ce, ya miƙa wa yaron masara.

A nan ya kamata in sauko daga kujera in ce ya yafe mini. Kalma nawa ce? Amma a raina ina jira ne shi ya fara cewa ya yi kuskure, sannan ni in ce ban kyauta ba da na faɗa a gaban mutane. Rabo nake so a yi, kowa ya ɗauki nasa. Na ɗauki ɗana na tafi, ina cewa akwai wata shekarar.

Shekarun kuwa suka yi ta tafiya da abubuwa. Rikicin shekarar dubu biyu ya raba garin, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa, Oga ya kwashe iyalinsa zuwa Sabon Tasha. Masaƙa ta rufe, shuɗin farcen Baba ya fita a karon farko, ya koma zaman ƙofar gida. Inna ta rasu da abin da ba a ba ta izinin faɗa ba. Duk da haka ɗaya ga Oktoba ba ta taɓa wucewa Oga bai zo ba, ko da shekarar da mutane ke tsoron shiga unguwar da ba tasu ba. Baba ya rasu da damina, saura 'yan watanni ƙasar ta cika hamsin. Kafin ya cika ya tara mu ya ce ya yafe mana duka. Na shige cikin wannan duka ɗin na ɓuya, ban nemi tawa ni kaɗai ba.

Ranar cika hamsin ɗin Juma'a ce. Na je Makera tun da safe, don yayana ne ke zaune a gidan da iyalinsa. Kafin azahar labari ya zo cewa bam ya tashi a Abuja kusa da wurin bikin, an rasa rayuka. Unguwa ta yi sanyi, iyaye suka kira yara cikin gida. Maza sun tafi masallaci, ina tsaye a zaure, sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya a gindin mangwaro. Oga ne ya sauko da kyar, da sanda, da doya guda ɗaya a leda, da hular nan a kansa.

"Baba Oga, yau ma? Ba ka ji abin da ya faru ba?"

"Na ji, 'yata. Ƙafa ce ta saba."

Na shimfiɗa masa tabarma. Ya zauna a inda ya saba, ya bar wurin da ke damansa babu kowa. Na kawo ruwa na zauna a gefe.

"Da babanki na lissafi," ya ce, "da yau ya ƙara yatsa. Mummunan yatsa."

Ban shirya tambayar ba, ita ta fito da kanta. "Baba Oga, kai ka fi kowa sanin lokacin da aka gama yaƙi. A cikinsa kake. Me ya sa duk shekara kake ce masa na so?"

Ya cire hular ya juya ta a hannu. "Ya ce kar in faɗa yana raye. To, ya tafi." Ya nuna ɗakin da ke ƙarshen tsakar gida, inda muke ajiye itace. "A can nake haya, ina saurayi, a sittin da shida. Kin san abin da ya faru da mutanenmu a shekarar, yana cikin littafinki. Ranar da abin ya iso layin nan, mamanki na da kwana huɗu da haihuwar yayanki. Babanki ya ja ni ya tura ni ƙarƙashin gadonta. Mutane suka zo, da yawa. Ina jin su. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, mai jego ce a ciki, wanda ya ga zai iya ya shiga. Ba wanda ya shiga. Kwana uku ina ƙarƙashin gadon nan, mamanki na turo mini kunun kanwarta."

Ya yi dariya kaɗan, ya goge ido da bayan hannu.

"Rana ta huɗu ya sa mini rigarsa da wannan hula, muka bi layin dogo da rana tsaka kamar masu zuwa kasuwa, har tasha. Da zan shiga jirgi ya ce, in an gama ka dawo mini da hulata. Shi ke nan abin da ya ce."

"Sai aka gama a Janairu," na ce.

"A rediyo. Mamanki ta gaya mini mutane na ta murna, shi ya ce bai ga hularsa ba tukuna. Ni kuma ina can, ba lafiya, ba ƙarfi, na binne uwata, na binne ƙannena biyu. Wata tara kafin in iya hawa mota. Ban ma san wace rana ce ba, sai da na iso na ga tutoci, ashe bikin shekara goma ake yi. Na same shi a nan, bishiyar nan ba ta kai haka ba. Bai gane ni ba, 'yata, na rame kamar sandar nan. Sai na ciro hular daga aljihu. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, an gama ke nan? Na ce, na so. Ya shiga ciki ya fito da akwatin sifanuna, duk ya shafe su da mai, ko tsatsa babu. Hular kuma ya mayar mini a kai ya ce in riƙa kawo masa ita duk shekara ya gani."

Na ce, "To me ya hana ku faɗa? Ranar da na yi maganar nan, me ya hana ka tashi ka ce yarinya zauna, ga yadda aka yi?"

"Wanda ya nuna musu ƙofar gidan nan yana kan tabarma ranar," ya ce. "Duk shekara yana kan tabarma. 'Ya'yansa abokan wasanku ne. Babanki ya ce in aka ba yara rabin labari sai sun nemi sauran, daga nan unguwa ta lalace."

Bai faɗi suna ba, ni ma ban tambaya ba. Dattijon da ya manta bai rufe shago ba ya faɗo mini a rai, amma shi ma ya daɗe da rasuwa, kuma wataƙila shagon ne da gaske.

Kuka nake sosai a lokacin, irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza. Na ce, "Da fushina ya tafi ke nan."

"Fushi? No, no. Ya ce mini, yarinyar ta faɗi gaskiya, ni kuma ba zan iya kare kaina ba sai na tona wani. Shi ya sa ya yi shiru." Ya mayar da hular kansa. "Yana jira ne ki zo ki tambaye shi ke kaɗai, a ɗaki. Ya ce da kin tambaya da ya gaya miki, tunda ke ce uwarsa."

Shekara goma sha uku da wani abu ina shiga gidan nan ina fita, ɗakinsa a buɗe, ban taɓa tambaya ba. Inna ta ce akwai abin da ban sani ba, na ji da kunnena, amma ban ɗauka mutumin da ya tsaya a ajin yaƙi da jahilci zai san abin da ya wuce littafina ba.

Oga ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Oya, Malama. Na zo daga nesa. Yi mini lissafi."

Na share fuska na matsa wurin Baba. Na lanƙwasa yatsa na ce sittin, na ce sittin da ɗaya, na ce sittin da uku, ba tare da labarin lemo ba, don ba ni na sha ba. Da na zo yatsa na huɗu sai na dakata. Ya jira ni. Da kyar na ce, "Saba'in, aka gama yaƙi." Na dubi haguna.

"Na so," ya ce.

Sau biyu muka ƙara yi da shi, sannan ya rasu a Sabon Tasha, aka kai shi gida Gabas. Ɗansa ya kawo mini hular a cikin leda, ya ce haka tsohon ya bar wasiyya. A aji har yau Janairu nake koya wa yara, don shi za a tambaye su a jarrabawa. Amma duk ɗaya ga Oktoba nakan dafa gyaɗa in tara 'ya'yana da jikokina in yi musu lissafi, da sabuwar jihar da Baba bai samu ya lissafa ba, da mummunan yatsan Abuja. Idan na kai saba'in nakan dakata in dubi haguna. Yaran suna ɗauka mantuwa na yi, sai su yi shiru su jira in tuna.